Jan Tanki a Gefen Madafa

Duk wanda ya taɓa roƙon Malam Mati ya raka shi sayen kayan gyaran mota a Funtuwa ya san ranar nan ba shi da sauran wani aiki. Mutum ne da zai ɗauki sifana ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, sannan ya sake ta ta faɗi kan siminti, ya karkato kunnensa na dama yana saurare. In ta yi ƙara siririya mai daɗewa, sai ya ce a ajiye ta gefe. In ta ce ƙwal ta yi shiru, sai ya ture ta da ƙafa, ko kallon mai shagon ba zai yi ba. Jak kuwa sai an ɗaga mota da shi, ya karyo karan dawa ya auna tsakanin ƙasa da gindin motar, ya tafi masallaci ya yi azahar, ya dawo ya sake aunawa. In motar ta sauka ko da faɗin farce ne, to ciniki ya mutu. Masu shaguna da yawa ba sa son ganinsa, kuma wallahi ba a ga laifinsu ba.

Chukwuma ne kaɗai ke jure masa. Shi haifaffen Funtuwa ne, a hannun ubansa ya gaji shagon, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Da ya hango Mati zai tura masa benci, ya ce ya zubar da duk sifanun shagon in ya ga dama, don ya lura abin da dattijon ya zaɓa ba ya dawowa.

Amma fa duk wannan wasa ne a kan ranar da aka ce injin iska za a saya, irin wanda ake ba taya iska da shi. Ranar nan Mati ba ya dariya da kowa. Da babbar rigarsa zai kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin tankin, ya bi shi da ƙwanƙwasa tun daga wannan kai har wancan, ya murɗe ɗan famfon da ke gindinsa ya ga kalar ruwan da zai fito. Sabon fenti a kan tsohon tanki kuwa, ko kyauta ba ya so. In aka zo tayar da injin don gwaji, sai a neme shi a rasa, yana can bayan katanga. Ko a kan hanya ya hango mai faci ya kunna nasa, tsallaka titi yake yi. Tsohuwar a-kori-kurar da yake kwaso masara da ita, da famfon ƙafa yake ba tayoyinta iska, yana haki, mutane na wucewa suna yi masa sannu da bakin tsiya. Masu dariyar nan duk 'yan bana-bakwai ne, ba su san komai ba.

Mati ɗan wani ƙauye ne a hanyar Ɗandume. Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, shanun suka ƙare, Fillancin ma ya bi su, aka bar su da kunya da kawaici. Yana saurayi ya shigo Funtuwa neman sana'a, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai faci a kusa da tasha, Olawale, wanda kowa ke kira Baba Wale. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare, har ta kai ba a cewa maigida da yaronsa, sai dai abokan aiki. Tankin injinsu daga jikin wata matacciyar babbar mota aka ciro shi. Baba Wale mutum ne mai son tsabta, duk Sallah sai ya sake masa shuɗin fenti, kuma a kansa yake zama ya ci abincin rana, don ba su da kujera.

Wata rana da azahar, injin na aiki, Baba Wale na zaune a kai da kwanon shinkafarsa, Mati ya zagaya bayan wata tirela ya duba taya. Bai ji ƙara ba, shi dai haka yake faɗa har yau. Ya ga dai ƙasa ta taso ta same shi. Da ya farfaɗo, jini na bin wuyansa daga kunnen hagu, mutane na ta buɗe baki ba ya jin abin da suke cewa. Gindin tankin a kan rufin wani shago aka tsinto shi, can tsallaken titi. Mati ya riƙe ƙarfen nan a hannunsa, ya ga waje shuɗi ne sumul, ciki kuwa tsatsa ta cinye shi har bai fi kaurin gwangwanin madara ba. Ruwan da iska ke tarawa a ciki ne ya kwanta shekara da shekaru yana cin ƙarfen, ba wanda ya taɓa zubar da shi. Baba Wale a tabarma aka tattara shi.

Daga ranar Mati ya bar faci, ya koma ƙauye ya kama fartanya. Kunnen hagu bai sake dawowa ba. Tsoron kuwa bai taɓa tafiya ba, kuma ba ya ɓoye shi. In an tsokane shi yakan ce eh, tsoro yake ji, shi ya ga abin da iska ke yi in an ɗaure ta.

A shekarar da ya koma ƙauye matarsa Hajjo ta haifi 'yarsu ta fari, aka sa mata Amatullah. To a gidansu 'yar fari ba a kama sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a nuna an san da ita. Haka Mati ya taso ya gani, haka ya yi. Shekara ashirin da bakwai sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce wa Hajjo "'yarki", ko "yarinyar nan". Ita kuma in za ta gaishe shi, daga nesa take durƙusawa, kai a ƙasa, ya amsa yana duban wani waje. Kada wani ya ɗauka ba ya son ta. Duk cikin 'ya'yansa ba wadda yake ji har cikin ƙashinsa kamarta, kuma Hajjo ta sani, don ita ce ke ganin yadda yake kasa cin tuwo duk ranar da yarinyar ta kwana da zazzaɓi.

Da ta yi aure aka kai ta Malumfashi, gidan wani malamin sakandare, Mahadi. Shekara uku ke nan, har sun sami ɗa, Mus'ab, amma Mati bai san ƙofar gidan ba. Me zai kai shi gidan suruki? Lambar wayar Mahadi na cikin wayarsa, ƙanen yarinyar ne ya sa masa, bai taɓa danna ta ba. Shi ma Mahadi in ya zo ƙauye, a ƙofar zaure yake tuɓe takalmi ya tsuguna, a gaisa a taƙaice, kowa ya kama gabansa. Yaro ne mai ladabi, ba a raba shi da wannan. Illarsa ɗaya, ta 'yan boko: in ya kalli abu sau biyu a waya, to ya gama iya shi.

Ƙarshen daminar bana Hajjo ta je Malumfashi duba jikanta, ta kwana biyu ta dawo da labari cike da baki. Mati na zaune a tsakar gida yana gyaran buhunan masara, ta zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji tana zuba. Wai Mahadi ya sayi mota, tsohuwa ce amma tana tafiya. Wai ya gaji da yawon garejin makanikai, ya ce shi zai riƙa gyara abarsa duk Asabar, ya sayo akwati guda na sifanu da filaya da jak. Har da injin iska, wani ne ya kawo masa daga Zariya da araha, ja wur, sai ƙyalli yake kamar yau aka ƙera shi. Saboda ɓarayi bai bar shi a waje ba, ya shigo da shi cikin gida ya ajiye ƙarƙashin rumfa, gefen madafa, ya ja dogon tiyo har ƙofar gida inda motar ke tsayawa. Nan rumfar ce wurin zaman 'yarta, nan take tsintar shinkafa, nan take shimfiɗa wa yaron tabarma.

Allurar buhu ta tsaya a hannun Mati. Ya tambaye ta, ba tare da ya ɗago ba, ko ta ga ruwa na ɗiga a ƙarƙashin tankin. Hajjo ta ce ina, wurin a bushe yake ƙaƙas. Da can dai wai yana ɗan tsiyaya ta wani ɗan famfo yana ɓata siminti, shi ne Mahadi ya kira mai walda ya toshe wurin gaba ɗaya, ai yaron akwai tsabta.

Gaban Mati ya yanke ya faɗi. Sabon fenti, tsohon tanki, an toshe hanyar ruwa, ga damina guda ta wuce a kansa. Kuma 'yarsa na zaune a gindinsa da goyo.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma yaya mutum zai buɗe baki ya ce wa surukinsa abin da ka sayo da guminka ka ajiye a gidanka ba shi da kyau, fitar da shi? Sai ya bi hanyar da aka saba. Ya ce wa Hajjo ta kira 'yarta ta gaya mata ta gaya wa mijinta a fitar da injin nan daga gidan, kada a sake tayar da shi. Hajjo ta ga maganar ta yi nauyi a kai wa suruki haka tsirara, sai ta rage mata kaifi, ta ce Malam ya ce injin nan a riƙa yin nesa da shi. Amatullah ta ga ba za ta iya tsayawa gaban mijinta ta ce ubanta ya kushe sayayyarsa ba, ita ma ta rage. Abin da ya isa kunnen Mahadi shi ne, Baba na gaisuwa, ya ji an yi mota, Allah ya sa alheri, a dai riƙa kula. Kwana uku sai ga saƙon godiya ya iso ƙauye, har da kwalbar turare. Kai, wani lokacin ladabin nan namu sai ya kashe mutum ana yi masa sannu.

Mati ya karɓi turaren ya ajiye, ya gane saƙonsa ya mutu a hanya. Sati biyu ya yi ba shi da sukuni. Yana gona yana karyar masara, in aka yi tsawa can gabas sai ya tsaya cak, zangarniya a hannu, yana lissafin ko daga wajen Malumfashi ne. In Hajjo ta hau tudu yin waya sai ya tsaya yana jiran ta har sai ya ga ta dawo tana dariya. Ranar Asabar ta farko bai je gona ba, bai ci komai ba, ya wuni a zaure yana jan carbi har la'asar ta yi, ya tabbata an kashe injin. Hajjo ta ce ya rame. Ya ce aikin kaka ne.

Daga ƙarshe ya samo dabarar da yake ganin za ta fisshe shi ba tare da an keta kunya ba. Zai je wurin Chukwuma ya zaɓi lafiyayyen tanki da hannunsa, ya aika da shi Malumfashi a ce kyauta ce ga Mus'ab daga kakansa. Kyautar suruki ba a mayar da ita, kuma ba a ajiye ta a ƙi amfani da ita. Asabar ta biyu da sassafe ya hau babur ɗinsa ya nufi Funtuwa.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya isa shagon. Chukwuma bai tura masa benci ba yau. Ya ce daman yana neman wanda zai aika masa. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan abu na farin ƙarfe da tagulla, bai fi babban yatsa ba, da ɗan zobe a kansa, ya ajiye a gaban Mati. Mati ya san shi kafin ya taɓa shi. Bawul ne na saman tanki, wanda in iska ta yi yawa yake buɗewa da kansa ya yi tsaki ya rage ta.

"Malam Mati, surukinka ne ya zo nan shekaranjiya, sun yi taron malamai a gari. Ya ce wannan abin yana yawan tsaki yana tayar masa da yaro daga barci, in ba shi noti daidai ramin ya toshe. Na ce ba zan sayar masa ba, na gaya masa dalili. Ya yi dariya ya ce ai yana duba geji, agogon da ke nuna yawan iskar. Na ga ya shiga shagon gaba, ya fito da abu a leda. Wannan kuma a nan ya manta shi."

Mati ya ja ɗan zoben. Ya buɗe, ya koma ya rufe tsaf. Lafiyarsa ƙalau, aikinsa kawai yake yi aka cire shi. Injin irin na Mahadi da fetur yake aiki, ba ya tsayawa da kansa, in ba a kashe shi ba tura iska zai yi ta yi. Yanzu ba ta da ƙofar fita ko ɗaya. Kuma yau Asabar.

Ya ciro wayarsa, ya nemo lambar da bai taɓa dannawa ba, ya danna. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake, ta sake katsewa. Mahadi mutum ne da wayarsa ba ta barin hannunsa, in bai ɗauka ba to bai ji ba ne, in kuwa bai ji ba to akwai abin da ke ƙara kusa da shi. Lambar 'yarsa ba shi da ita, bai taɓa mallakarta ba. Ya kira Hajjo, aka ce ba a samun ta, ƙauyen nasu sai an hau tudu. Ya jefa bawul ɗin a aljihu ya fita ko sallama bai yi wa Chukwuma ba.

Bai san yadda ya wuce Bakori ba. Manyan motoci ɗauke da masara na hura masa hon, yana ratsa tsakaninsu, mutumin da a rayuwarsa bai taɓa wuce kowa a hanya ba. Masu faci na gefen titi da injinansu a kunne, yau bai kauce musu ba, bai ma gan su ba. Abin da ke idonsa kwanon shinkafar Baba Wale ne, da aka samu a kife cikin kwata ko lotsewa bai yi ba. Yana tafe yana addu'a, addu'ar na kakkarye masa a baki. Ya roƙi Allah ya sa man injin ya ƙare, ya sa bel ɗin ya tsinke, ya sa yarinyar ta tafi barka ko makwabta. Ya zagi kansa da sati biyun da ya zauna yana jiran dabara. Tsoro irin na ranar bai taɓa jin sa ba, ko ranar tasha, don ranar tasha bai san abin da ke zuwa ba.

Da ya shiga Malumfashi sai ya tuna bai san gidan ba. Dattijo da furfurarsa, ya tsaya yana tambayar masu shago ina ne gidan Malam Mahadi na sakandare, mai sabuwar mota, bai iya cewa gidan 'yata ba. Aka nuna masa unguwa. Yana shiga layin ya jiyo injin, fat-fat-fat, da wani siririn kuka na bel da ke shan wahala. Mai kunne ɗaya ba ya gane inda ƙara ke fitowa. Ya tsaya a tsakiyar layi yana juyawa, gabas, yamma, duk gidajen iri ɗaya, har idonsa ya faɗa kan baƙin tiyo da ya fito daga wani zaure ya nufi wata mota.

Ƙafafu biyu ne suka leƙo daga ƙarƙashin motar. Mahadi ya tayar da injin don ya cika, ya shige ƙasa yana fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, gejin da ya ce yana dubawa na can cikin gida. Ya ga takalman baƙo, ya zamo waje, ya ga ko wane ne, ya ruɗe ya fara kokawar tsugunawa yana goge hannu a riga. Mati ya tsallake shi. Ba sallama, ba tuɓe takalmi, ya ratsa zauren gidan surukinsa ya faɗa tsakar gida.

Ga rumfar, ga madafa, ga jan tankin yana karkarwa a kan ƙafafunsa. Daga inda yake tsaye yana hango allurar geji ta wuce ja ta kwanta a kan ƙusar ƙarshe. Amatullah na zaune a 'yar kujera, ta ba Mati baya, faranti a cinya tana tsintar wake. Mus'ab na goye a bayanta yana barci, kansa bai fi kamu biyu daga tankin ba.

Ƙafafun Mati suka ƙi gaba. Shekara ashirin da bakwai yana gudun wannan ƙarar, jikinsa ya riga ya koya, ba ya jin umarni. Ya ce "Ke!" Injin ya haɗiye muryar. Ya ce "Yarinya!" Ko motsi ba ta yi ba, a gidan nan ba wanda ke kiran ta haka. Ya cika ƙirjinsa.

"Amatullah!"

Ta waiwayo. Ta ga ubanta tsaye a tsakar gidanta, da takalmi, hula a karkace, kuma sunanta ne ya fito daga bakinsa. Ta yi sororo, farantin ya zame waken ya watse. Ya yi mata hannu ta taso. Sai ta yi abin da aka koya mata tun tana rarrafe: ta sauko daga kujerar ta durƙusa a nan inda take, gefen tankin, ta sunkuyar da kai za ta gaishe shi.

Nan ƙafafun suka saki. Bai san ya taka ba, sai ganin hannunsa ya yi a wuyan hannunta, hannun da rabonsa da taɓa shi tun tana cikin zanen goyo, a ɓoye. Ya fizge ta ya ja ta har zaure, ya tura ta waje ita da yaron, ya ce wa Mahadi ya kai su ƙarshen layi, ya dawo ya buɗe bakin tiyon daga can waje, kada ya shigo. Sannan ya juya ya koma ciki shi kaɗai, don akwai makwabta a bayan katangar, yana jin muryar mata.

Taku bakwai ne daga bakin zaure zuwa injin, ya ƙirga su. Zafin tankin na dukan fuskarsa. A gindinsa, daidai inda aka yi waldar, fenti ya kumbura, wani jan ruwa na tsattsafowa yana 'yan kumfa. Ya miƙa hannu ta saman tankin, cikinsa na kusan gogar ƙarfen, ya lalubo makunnin ya kashe. Injin ya yi tari biyu ya tsaya. Cikin shirun ya ji ƙarfen na ƙas, ƙas, a hankali. Ya ja da baya da baya bai juya ba, har bayansa ya daki bangon zaure, ya sulale ya zauna. Can waje tiyo ya fara huci. Ya daɗe yana huci, Mati na zaune yana kallon allurar tana saukowa har ta kwanta.

Sai da ya tabbata ba sauran iska ya yarda Mahadi ya shigo. Bai yi faɗa ba, bai ma dube shi ba. Ya ce ya kama wancan kan su karkata tankin. Suna ɗagawa suka ji ruwa na kai da kawowa a ciki kamar tulun da ba a cika ba. Mati ya ɗauki sukundireba daga sabon akwatin Mahadi, ya ɗora bakinta a gindin tankin, ya danna da hannu ɗaya, ba guduma. Ta shige har mariƙi. Da ya zare, ruwa ya biyo, ja-ja baƙi-baƙi, mai wari, da ɓarɓashin tsatsa. Ya yi ta zuba ya bi siminti, ya kewaye ƙafafun 'yar kujerar, ya tafi da waken da ya zube.

Mahadi ya tsaya yana kallon ramin, yana kallon kujerar. Ya durƙushe a cikin ruwan da wandonsa, ya ce, "Baba." Mati ya ciro bawul ɗin daga aljihu ya sa masa a tafin hannu, ya ce tsakin da yake yi shi ne ke tsare masa iyali. Ya ce in yana son inji, ya same shi a shagon Chukwuma ranar da ya ga dama, su zaɓa tare, kuma a waje za a gina masa ɗaki, nesa da mutane.

Daga nan kunyar ta dawo masa gaba ɗaya. Ya ga takalmansa a tsakar gidan suruki, ya ga makwabta sun cika ƙofa. Aka kawo ruwa bai sha ba, aka shimfiɗa tabarma bai zauna ba. Ya fita ya hau babur, ya yi ta dukan kik ƙafarsa na zamewa, sai da wani ya tayar masa.

Bayan kwana biyu Hajjo ta hau tudu ta yi waya da 'yarta, ta dawo ta ba shi labari tana dariya tana share ido. Wai Amatullah ta ce ta ji kiran sarai, amma ta kasa haɗa sunan da muryar, shi ya sa ta tsaya kallo, da ta gane kuwa ba abin da ya zo mata sai durƙuso. Mati bai yi dariya ba. Ya zauna yana auna tsawon wannan tsayawar da wannan durƙuson, ya san ko rabinsu ya ishi tanki ya fashe.

Injin iska har gobe yana tsoron sa, yana kuma tsallaka titi. Amma duk lokacin da ta zo ƙauye yanzu, tun daga zaure yake kiran ta da sunanta, da ƙarfi, a gaban kowa, ya kuma hana ta durƙusawa sai ta iso inda yake. Tsofaffin gidan sun yi ta magana, wai Mati ya zubar da kunya da girmansa. Ya bar su suka gama. Hajjo kaɗai ya gaya wa dalili, ya ce so yake kunnenta ya saba, in ya sake kira ta taso.